Dungeons & Dragons: Yadda ake jagorantar sababbin 'yan wasa a dogon labarin almara

Wasan kwaikwayon tebur wani nau'in wasa ne da mutum huɗu ko biyar ke zama su ƙaga labari tare, kowannensu yana riƙe da jarumi guda a cikin labarin. Ba a buƙatar dandamali ko kayan shiga, kuma babu masu kallo. Abin da ke gaban 'yan wasan bai wuce takarda da fensir da dayis ba, wato irin ƙwayar nan da ake jefawa a wasan ludo. Mutum ɗaya daga cikinsu shi ne jagoran wasa. Shi ke bayyana wurin da jaruman suka tsinci kansu, shi ke magana da bakin sarakuna da 'yan kasuwa da dodannin da suka ci karo da su, kuma shi ke yanke hukunci idan aka yi saɓani kan doka.

Wanda ya fi shahara a irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda aka fi sani da D&D, kuma littattafansa na kiran jagoran da laƙabin Dungeon Master. Akan buga shi a zama ɗaya a gama, amma yawanci labarin kan zarce daga mako zuwa mako har tsawon watanni ko shekaru, jarumai suna ƙara ƙarfi, abokan gaba suna sauya salo. Wannan dogon labari shi ne ya fi wahalar riƙewa, musamman idan waɗanda ke teburin ba su taɓa wasan ba. Baƙon da ya shafe awa uku yana sauraron dokokin da bai fahimta ba, da wuya ya sake dawowa. Shi ya sa aikin jagora a wajen sababbin 'yan wasa ya fi karkata ga abu ɗaya: ya nuna musu tun daga zaman farko cewa abin da suka zaɓa yana sauya labarin.

Asalin wasan da tarihin koyar da baƙi

An fara wallafa D&D a Amurka a 1974. Gary Gygax na garin Lake Geneva a Jihar Wisconsin da Dave Arneson na Jihar Minnesota ne suka ƙirƙiro shi, kamfanin TSR kuma ya buga. Tushensa wasannin yaƙi ne da ake yi da ƙananan mutum-mutumi a kan tebur, musamman Chainmail na 1971, wanda Gygax ya rubuta tare da Jeff Perren. Sabon abin da Arneson ya kawo a wasansa na Blackmoor shi ne kowane ɗan wasa ya riƙe mutum ɗaya maimakon runduna, kuma mutumin ya ci gaba da rayuwa daga wannan zama zuwa na gaba.

Bugun farko ƙananan littattafai uku ne a cikin kwali, kofi 1,000, kuma an rubuta su ne domin waɗanda suka riga suka saba da wasannin yaƙi. Wanda bai da wannan masaniya yakan karanta ya kasa gane inda zai fara. A 1977 aka fitar da kwalin masu farawa wanda J. Eric Holmes, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ya tsara, aka taƙaita shi ga mataki na 1 zuwa na 3. A 1983 Frank Mentzer ya sake fasalin kwalin, ya sanya wani gajeren labari da mutum zai buga shi kaɗai yana koyon doka ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, Hasbro kuma ya sayi Wizards a 1999. Bugu na biyar ya fito a 2014, aka sabunta manyan littattafansa daga 2024.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, duk lokacin da masu wasan suka so janyo baƙi, hanya ɗaya suke bi: su rage dokoki, su ƙuntata fagen labari, su bar mutum ya koya yana cikin wasa. Shirin Critical Role da Matthew Mercer ya fara jagoranta a intanet a 2015, da fim mai dogon zango na Stranger Things da ya fara a 2016, sun jawo ɗimbin mutanen da suka san sunan wasan amma ba su taɓa riƙe dayis ɗinsa ba. Irin waɗannan ne jagora ya fi haɗuwa da su a yau.

Dokar da ta ishi mai farawa

Manyan littattafan wasan uku ne: Player's Handbook na 'yan wasa, Dungeon Master's Guide na jagora, da Monster Manual da ke ɗauke da bayanin dodanni. A bugun 2014 jimillarsu ta kusa shafi dubu, amma mai farawa ba ya buƙatar karanta ko ɗaya. Kamfanin ya sanya taƙaitattun dokoki kyauta a intanet tun 2014, kuma ko su ma jagora ne kaɗai ya kamata ya ƙware a kansu.

Dayis ɗin wasan iri shida ne: mai fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20. Mai fuska 20 shi ne ginshiƙi. Idan ɗan wasa ya ce jaruminsa zai yi wani abu da ka iya yiwuwa ko ya faskara, kamar haura katanga ko shawo kan mai gadi, jagora zai tsayar da lambar wahala: 10 ga abu mai sauƙi, 15 ga matsakaici, 20 ga mai wuya. Ɗan wasan ya jefa dayis, ya haɗa da ƙarin makin da ke rubuce a takardar jaruminsa. In jimillar ta kai lambar ko ta wuce, ya yi nasara.

Ƙarin makin yana fitowa ne daga siffofi shida da kowane jarumi ke da su: ƙarfi, zafin nama, juriya, ilimi, basira da kwarjini. Misali, jarumi mai ƙarin maki 3 da ke fuskantar lambar wahala 15 yana buƙatar dayis ya nuna 12 ko sama, wato fuska 9 cikin 20, kashi 45 cikin 100 ke nan. Idan ya yi wata dabara da ta ba shi fifiko, doka ta yarda ya jefa dayis biyu ya ɗauki babba, damarsa kuma ta tashi zuwa kusan kashi 70. Wannan doka ta fifiko kyakkyawan makami ce a hannun jagora, domin da ita yake saka wa baƙon da ya yi tunani mai kyau ba tare da dogon lissafi ba.

Bayanin wannan duka ba ya cin minti biyar. Sauran dokoki, irin na faɗa da sihiri da hutu, akan bar su sai lokacin da buƙatarsu ta taso. Gogaggun jagorori sukan gaya wa baƙo ya faɗi abin da yake so jaruminsa ya yi da bakinsa kawai, su kuma su gaya masa wane dayis zai jefa.

Zaman share fage

Kafin a shiga labari, akan yi zama na musamman domin a daidaita fahimta. Littafin Tasha's Cauldron of Everything na 2020 ya bayyana wannan al'ada a hukumance, ko da yake 'yan wasa sun daɗe suna yin ta. A zaman ne ake tsayar da ranar haɗuwa da tsawon kowane zama, wanda yawanci awa uku ne zuwa huɗu, da abin da za a yi idan wani bai samu zuwa ba. A nan ne kuma jagora ke faɗin irin labarin da ya shirya: na ban dariya ne, ko na ban tsoro, ko na kutungwilar fada.

Batun iyaka ma a wannan zama ake tattauna shi. Akwai wanda ba ya son a siffanta azabtarwa, akwai wanda ba ya son a taɓa yara a cikin labari, akwai kuma wanda saboda aƙidarsa ba ya son riƙe masihirci ko jarumin da ke bautar allolin ƙage. Ron Edwards, mai tsara wasanni, ya raba irin wannan iyaka gida biyu: abin da ba zai shigo labarin ba sam, da abin da za a ambata a wuce ba tare da bayani ba. John Stavropoulos kuma ya fito da dabarar ajiye kati mai alamar X a tsakiyar tebur, wanda duk ya taɓa shi sai a kauce wa batun ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Damuwa kan abin da wasan ya ƙunsa ba sabuwa ba ce. A shekarun 1980 wasu iyaye da ƙungiyoyin addini a Amurka sun zarge shi da koyar da tsafi, har kamfanin TSR ya cire kalmomin shaiɗanu daga bugu na biyu a 1989. A aikace, sihirin wasan lambobi ne a takarda, kuma ba a sa kuɗi a kan abin da dayis ya nuna. Duk da haka, tebur na da ikon cire duk abin da bai kwanta wa mutanensa ba, kuma dokokin wasan sun bai wa jagora wannan dama.

Ƙirƙirar jarumi daga tushe na iya ɗaukar baƙo awa guda ko fiye, domin Player's Handbook na ɗauke da rukunin jarumai 12. Mafita ita ce jagora ya zo da jaruman da aka riga aka shirya, kowa ya zaɓa, ya raɗa masa suna. Mayaƙi da gwanin sanɗa sun fi sauƙin riƙewa, masihirci kuwa yana buƙatar sanin jerin dabaru masu yawa. Yana da amfani kowane ɗan wasa ya amsa tambaya biyu: me jarumin yake nema a duniya, kuma mene ne ya haɗa shi da wanda ke zaune kusa da shi. Ayarin da ya riga ya san juna ba ya ɓata zaman farko wajen neman dalilin tafiya tare.

Fara da ƙaramin wuri

Kuskuren da sabon jagora ya fi faɗawa shi ne ya kwashe makonni yana zana nahiyoyi da tarihin dauloli, alhali 'yan wasan ba za su wuce ƙauye ɗaya ba a watan farko. Abin da ake buƙata shi ne gari guda, mutum uku ko huɗu masu suna da buƙata, da wani wuri mai haɗari da ba shi da nisa.

Labarin Lost Mine of Phandelver, wanda ya zo a kwalin masu farawa na 2014, misali ne da ake yawan kafa hujja da shi. Ya zo da jarumai biyar shiryayyu, kuma yana kai su daga mataki na 1 zuwa na 5. Wani wada mai suna Gundren Rockseeker ne ya ɗauki jaruman aikin raka keken shanu cike da kaya daga birnin Neverwinter zuwa ƙaramin garin Phandalin. A hanya suka tarar da dawaki biyu a mace da kibau a jikinsu, sai wasu ƙananan dodanni huɗu da ake kira goblin suka yi musu kwanton ɓauna. Cikin rabin awa baƙo ya san aikin da aka ba shi, ya yi faɗansa na farko, kuma ya samu tambayar da yake son amsarta: ina Gundren ya shiga? Daga nan garin Phandalin ya zama masauki, inda ƙananan ayyuka dabam-dabam ke jiran wanda ya ga dama.

An maimaita wannan tsari a Dragon of Icespire Peak na 2019, wanda ya ƙara dokar da ke bari a buga da ɗan wasa ɗaya tak, da Dragons of Stormwreck Isle na 2022, wanda ya tsaya a mataki na 1 zuwa na 3. Jagoran da ya fi son ƙaga labarinsa zai iya aron ƙashin bayan kawai.

Littattafan wasan sun ce ginshiƙansa uku ne: binciken wurare, hulɗa da mutane, da faɗa. Zaman farko mai kyau yakan ɗanɗana wa baƙi kowanne, domin ta haka jagora ke gane abin da ke burge kowa.

Haɗarin matakin farko

Jarumi a mataki na 1 ba shi da ƙwari. Masihirci yakan fara da makin lafiya 6 zuwa 8, mayaƙi kuma 12 ko 13. Goblin ɗaya a dokokin 2014 yana cire kimanin maki 5 a kowane sara, don haka sara biyu sun isa su kayar da masihirci tun kafin ya motsa. Idan makin ya koma sifili, jarumin ya suma, sai ya riƙa jefa dayis mai fuska 20 a kowane zagaye: 10 ko sama nasara ce, nasara uku ya tsira, faɗuwa uku ya mutu.

Mutuwar jarumi a zaman farko na iya kashe wa baƙo gwiwa baki ɗaya. Jagora na da hanyoyin kauce wa hakan ba tare da ya yi ha'inci a dayis ba. Zai iya rage yawan abokan gaba, ko ya sa su gudu idan rabinsu sun faɗi, ko su kama jaruman a matsayin fursunoni maimakon su kashe su, wanda hakan ke buɗe sabon babi na neman kuɓuta. Zai kuma iya gaggauta ƙarin mataki. A lissafin doka ana kai wa mataki na 2 da makin gogewa 300, na 3 kuma da 900, amma da yawan jagorori sukan ajiye lissafin su ɗaga jarumai duk lokacin da aka kammala wani muhimmin sashe na labari.

Sai dai cire haɗari gaba ɗaya ma illa ce. Da zarar 'yan wasa sun gane cewa ba abin da zai same su, sai su daina taka-tsantsan, nasara kuma ta rasa daɗi. Abin da ya dace shi ne a nuna alamar haɗari kafin a auka masa: ƙasusuwa a bakin kogo, ko mafarauci da ya dawo da rauni yana gargaɗi. Wanda ya ji gargaɗi ya kutsa, ya san da zaɓinsa ya shiga.

Zaɓi da abin da ya haifar

Jagora ba marubucin littafi ba ne da ya riga ya san ƙarshe. Idan ya shirya cewa dole jarumai su bi ta ƙofar gaba, su kuma suka yanke shawarar bai wa mai gadi toshiyar baki ko su bi ta magudanar ruwa, hikima ita ce ya bi su. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ya shirya yanayi maimakon jerin abubuwan da za su faru: su wane ne ke wurin, me suke so, me za su yi idan ba wanda ya tsoma baki.

Faɗuwar dayis bai kamata ta tsayar da labari ba. Idan gwanin sanɗa ya kasa buɗe kwaɗo, ana iya cewa ya buɗe amma ƙarar ta farkar da masu gadi. Idan kuma ci gaban labarin ya rataya a kan wata shaida, ba a ɓoye ta a bayan jifa ɗaya. Justin Alexander, marubuci kan wasannin tebur, ya ba da shawarar a ajiye aƙalla alamu uku ga duk wata gaskiya da ake so 'yan wasa su gano, domin sukan tsallake ta farko, su yi wa ta biyu gurguwar fahimta.

Abin da ya fi ɗaure baƙo ga wasan shi ne ya ga aikinsa ya dawo. Goblin ɗin da aka yi wa afuwa a zama na biyu ya bayyana a zama na shida da labarin sirri. Ɗan kasuwar da aka zambata ya hana jarumai bashi a lokacin da suke tsananin buƙata. Jagoran da ke rubuta sunaye da alkawura a ɗan littafi bayan kowane zama ba ya rasa abin da zai gina zaman gaba a kai.

Rabon magana a tebur

A kowane tebur akwai mai yawan magana da mai kunya. Idan jagora ya tambayi kowa a dunƙule me za a yi, mai yawan maganar ne zai amsa kullum. Kiran jarumin mai kunya da sunansa, a tambaye shi abin da yake yi a daidai wannan lokaci, yana ba shi ƙofar shiga. Ba a tilasta wa kowa sauya murya ko yin kwaikwayo irin na 'yan fim. Ya isa mutum ya ce jaruminsa ya yi wa sarki magana cikin ladabi. Haka kuma bai dace a auna tebur na gida da shirin Critical Role ba, domin masu yin sa ƙwararrun masu ɗora murya ne a fina-finai da wasannin kwamfuta.

Idan aka yi taƙaddama kan doka, jagora ya yanke hukunci nan take, a ci gaba, a duba littafi bayan an tashi. Idan akwai gogaggen ɗan wasa a cikin baƙi, ana roƙonsa tun farko ya taimaka idan an tambaye shi, kada ya riƙa yanke wa wasu shawara. Matsalar ɗabi'a kuwa, kamar wanda ke sace kayan abokan tafiyarsa a cikin labari har ran mutane ya ɓaci, ana warware ta ne da magana a gefe tsakanin mutum da mutum, domin hukunta jarumi a cikin labari ba ya gyara halin mai riƙe da shi.

Abin da ke raya dogon labari

Matakan wasan sun kai 20, amma alkawarin kai wa can ya yi wa masu farawa nauyi. Ya fi dacewa a amince kan zama huɗu zuwa shida masu ƙarshe bayyananne, in an kammala kowa ya faɗi ko yana son a ɗora. Abin da ya fi wargaza irin wannan tafiya shi ne rashin haɗuwa: a ɗage wannan mako saboda mutum ɗaya, a ɗage na gaba saboda wani, har labarin ya shuɗe daga zukata. Maganinsa tsayayyar rana, da yarjejeniyar cewa muddin mutum uku sun hallara za a yi wasa. Waɗanda nisa ya raba sukan haɗu ta shafuka irin su Roll20, wanda aka buɗe a 2012, ko su ajiye takardun jarumansu a D&D Beyond.

Akan buɗe kowane zama da taƙaitaccen tuni kan abin da ya gabata, kuma ya fi armashi idan ɗaya daga cikin 'yan wasan ne ya bayar, domin daga abin da ya tuna jagora ke gane abin da ya shiga ransa. Akan rufe kuma a daidai gaɓar da ake ɗokin sanin abin da zai biyo baya, kamar lokacin da ƙofar kogo ta buɗe ko wasiƙa ta iso daga wanda aka ɗauka ya mutu. Kafin a watse, jagora ya tambayi ayarin inda suka nufa a mako mai zuwa, ya rubuta amsar, domin wannan wurin kaɗai zai zauna ya shirya.